Kujerar Gaba ta Malam Badaru

Duk wanda ya san farar motar porjen kiwo, wato ma'aikatar kula da dabbobi, a Dakoro ya san kujerar gabanta ta Malam Badaru ce. Babu wanda ya taɓa ba shi ita. Zama kawai ya yi ta yi a kai, shekara da shekaru, har soson ya ɗauki siffar jikinsa. Motar irin mai buɗaɗɗen bayan nan ce. Gaba direba ne da mutum biyu a matse, sauran jama'a kuma a baya tare da akwatunan sanyi na magani, kowa ya riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, ya dafe hularsa da ɗayan.

Aikin Badaru allurar dabbobi. Da an gama girbi sai su yi lodi, Rhissa direba ya tayar da mota, su nufi Bader Goula, su wuce Tagriss, su yi ta bin rijiyoyi suna yi wa shanu da tumaki da raƙuma rigakafi, sai sun yi baƙi sun rame sannan su dawo gida. Akwai ma'aikatan da in aka ce za a fita daji sai ciwon bayansu ya tashi. Shi Badaru a gari yake ciwon baya, a daji ko tari ba ya yi. Yana son ƙugin shanu a bakin rijiya da sassafe, yana son gardama da Fulani a kan saniyar da suka ɓoye masa, yana son cukun da matan Buzaye ke tura masa a jaka suna cewa na yara ne, shi kuwa ya cinye abinsa tun kafin a shigo gari.

Shugabanni da yawa sun zo sun tafi a gabansa, kuma yawancinsu ba su san dajin ba sai a taswirar da ke bango. Sannan aka kawo Dokta Mudassir daga Maradi, ɗan gidan wasu fataken hatsi, siririn saurayi mai yawan dariya, wanda ranar da aka fara cewa za a fita ya riga kowa shiga mota. Shekarar nan tare suka yi yawon allura, Shef, kamar yadda suke kiran shugaban nasu, a tsakiya, Badaru a bakin taga, gwiwa na gugar gwiwa. Kwano ɗaya suke ci. In hanya ta yi nisa sai barci ya kwashe Shef, kansa ya gangaro kafaɗar Badaru, Rhissa ya rage wa rediyo murya. Badaru ya dawo gida yana cika baki wajen matarsa Dela.

"Wanga yaro ɗan halas ne," ya ce. "Allah ya ba mu shef."

Bayan babbar Sallah abin ya canza, kuma daga tiren abinci ya fara.

A buron, wato ofishinsu, da azahar kowa yakan juye abin da aka aiko masa daga gida a babban tire ɗaya, a zauna gindin dogon yaro a ci. Na Badaru autarsa Lailatu ce ke kawowa a kan babur, in ta taso daga asibitin da take aikin ungozoma. Dambunta na zogala shi ke fara ƙarewa, kuma Shef ne kan gaba wajen ƙarar da shi. To ran nan Shef ya fito har ya wanke hannu, ya ɗaga ido ya ga Badaru a bakin tire, sai ya yi turus kamar ya manta wani abu, ya juya ya koma ciki. Washegari ma haka. Daga nan aka shiga ɗibar masa nasa ana kai masa ɗaki, ya rufe ƙofa ya ci.

Sai gaisuwa. A da, "Baba Badaru, ina gajiya?" ce da ƙarfi, har da tafawa. Yanzu in suka yi kiciɓis sai Shef ya rage tsawo, idonsa a ƙasa, ya ce "Ina kwana, Baba" can ƙasan maƙoshi, ya raɓi bango ya wuce. In Badaru ya shiga ɗakin taro ana dariya sai dariyar ta mutu, Shef ya miƙe tsaye ya ƙi zama, jim kaɗan ya tuna akwai wayar da zai buga a waje. Duk maganar aiki kuma ta koma bakin mataimakinsa Sha'ibu, mutumin da ko labarin gobara zai ba ka sai ya yi murmushi.

Da damina ta sauka aka aiko cewa shanu na ciwo ta wajen Kornaka. Badaru bai jira a kira shi ba, ya ɗauko jakarsa ya nufi mota. Sha'ibu ya tare shi tun kafin ya kama ƙofa.

"Malam Badaru, Shef ya ce ka huta."

"Na ce maka na gaji?"

"A'a. Shi dai ya ce hanyar ba ta da kyau. Ga ruwa, ga caɓi."

"Sha'ibu, hanyar ga tun kana rarrahe nike bin ta."

Sha'ibu ya yi murmushin nan nasa, ya buɗe ƙofa, ya zauna daidai cikin ramin da Badaru ya shekara yana yi wa soson. Shef ya zagayo ta ɓangaren direba ya shige tsakiya, bai ko waiwayo ba. Badaru na tsaye da jaka a hannu motar ta fita.

Da suka dawo sai ga sabuwar kujera mai hannu an kawo ɗakin Badaru, ga fanka an girke ta saitin kansa. Sha'ibu ya ce Shef ya ɗaga shi, daga yau shi konseye ne.

"Mi konseye ke yi?"

"Shawara shike badawa."

"Wa ke neman ta?"

"In ta taso za a zo."

Ba ta taso ba. Badaru ya ji zafin abin ƙwarai, har yana jin kunyar haɗa ido da mai gadi. Da zaginsa aka yi, da ya san amsar da zai bayar. Amma wa za ka kai wa ƙara cewa an ba ka kujera mai taushi da fanka? Ya je ya sami Rhissa a bakin ƙofa yana dafa shayi, ya zube kusa da shi.

"An sa ni garaji, Rhissa. Ni da tsohuwar motar can da kaji ke ƙwai ciki, yanzu ɗaya muke."

Rhissa ya ɗaga buta sama ya tsiyaya, kumfa ta taso. Rawani ya rufe masa baki, amma idonsa na dariya.

"Wataƙila ba abin da kake tsammani ba ne," ya ce.

"To mine ne?"

"Ni direba ne. Hanya nike kallo."

Badaru ya shiga neman dabarar da zai nuna musu bai ji daɗi ba. Ya fara da yajin magana. Ya zo ya zauna ƙarƙashin fankarsa, in an gaishe shi ya ɗaga hannu kawai. Sai ga Sha'ibu yana yaba masa a gaban mutane, wai dattako ke nan, babba ba ya yawan surutu. Da ya ga shirun bai ci ba sai ya juya, ya zo da sassafe ya tara sirinjoji a daro yana wankewa a tsakar buro, don kowa ya ga hannunsa bai mutu ba. Shef ya hango shi ta taga. Kafin kumfa ta kwanta Sha'ibu ya fito a guje ya karɓe daron, yana cewa, "Subhanallahi, kai da kanka? Shef ya ce don Allah." Ya gwada makara, ya zo hantsi ya dubi ludayi yana jiran a yi masa magana ya samu bakin faɗa. Aka ce masa sannu da zuwa, aka ƙara wa fankar gudu.

A ƙarshe bayan buro ya koma. Akwai wani fili can da ba a yin komai da shi sai zubar da tsofaffin tayoyi. Ya share, ya dasa zogala, ya shuka kuɓewa da yakuwa, ya yi musu shinge da tayoyin. Nan yake wuni, yana cire ciyawa yana yi wa zogalar bayanin yadda ake kama bijimi. Abin ya rage masa zafi, gaskiya. Amma duk lokacin da ya ji Rhissa ya tayar da mota sai hannunsa ya tsaya, ya saurara har ƙarar ta ɓace.

Mutumin da zai hango saniya mai ciwo a tsakiyar garke tun daga cikin mota, shi ne bai lura cewa kullum da azahar Shef na da abin dubawa a bakin ƙofar buro ba, daidai lokacin da wani babur ke shigowa da dambu.

A gida kuwa babu hira sai ta Shef. Ana ajiye tuwo zai fara.

"Yaron nan da na goya a kahwaɗata daga Tagriss har Dakoro, yau shi ka ganina shi canza hanya."

"Ni dai, Malam," in ji Dela, "na ga kamar yaron kunya gare shi."

"Kunya? Wulaƙanci dai! Ke mi kika sani cikin sha'anin buro?"

Dela ta ce ba ta san komai ba, ta juya tana gyara wuta, kafaɗunta na rawa. Lailatu kuwa da an ambaci Shef sai ta ajiye abin da ke hannunta ta shige ɗaki. Wannan ya taɓa zuciyar Badaru sosai.

"Kin gani ko? Ko yarinyar ga ba ta iya jin sunanshi. Ita ta san ciwon ubanta."

Dela ta ce hayaƙi ya shiga mata ido, ta fita.

Aka yi girbi, gero ya shiga rumbu, maganin allura ya iso daga Maradi. Badaru ya wanke jakarsa ya shanya. A ransa yana cewa ƙananan fita ne aka hana shi, amma babbar fita ta shekara ba a yin ta ba shi. Sai Sha'ibu ya same shi cikin zogala, ya yi ta yabon kuɓewa, sannan ya ce bana Shef ya ce shi Badaru ne zai riƙe buro in an tafi, don ba a barin gida babu babba.

Badaru ya miƙe. Ya ajiye fartanya, ya wanke hannu. Ranar kasuwar Kornaka ya shiga motar haya ya tafi wajen wansa, Alhaji Abdulmumini, wanda ke riƙe da gonakin gidansu tun rasuwar mahaifinsu. Ya yanke shawara zai ajiye aikin ya dawo noma. Gara ya yi ta fama da gero da ya ruɓe ƙarƙashin fanka.

Ya sami Alhaji a zaure ya miƙe ƙafa, da ƙwaryar goro a gefensa. Suka gaisa, aka kawo fura. Badaru ya sha, ya goge baki, ya ce ya zo da magana a kan shugabansu.

"Madalla," in ji Alhaji. "Ni ma shi nike son in tambaye ka. Wane irin mutum ne?"

Badaru ya gyara zama. Ai an zo wurin.

"Yaya, mutum ne da ba ya kallon idona. In muka haɗu, ƙasa shike kallo kamar ya yar da allura."

"To."

"Ba ya cin abinci in ina wurin. Ko ya wanke hannu, da ya gan ni sai shi koma."

"Ikon Allah. Sai mi?"

"In na shiga ɗaki shi tashi tsaye. Ba ya zama sai na hita. Magana ma ba ya yi mini baki da baki, sai dai aike."

"Aiki hwa? Shina sa ka aiki mai wuya?"

"Ina! Ko daro na ɗauka sai shi aiko a amshe. Kujera ya saya mini da fanka, ya ce in zamna."

Alhaji Abdulmumini ya ɗaga hannu sama ya shafa a fuska.

"Alhamdu lillahi. Hankalina ya kwanta. Yaran yanzu da sunka yi karatu, sai ka ga suna miƙa ma surukinsu hannu suna kallon tsakar idonshi. Ashe akwai sauran masu tarbiyya."

"Surukin wa?"

Alhaji ya turo masa ƙwaryar goron.

"Ɗauki. Naka ne ai. Shekaranjiya baffanninshi sunka zo daga Maradi neman Lailatu. Tun da Sallah sunka so zuwa, babban nasu ne ya tahi Najeriya da hatsi ya daɗe. Na ce su ba ni kwanaki in ji halin yaron daga bakin wanda ya san shi. Ina shirin aika maka, sai ga ka Allah ya kawo, ka kuma hwaɗi komi ba a rage ba."

Badaru ya dubi goron, ya dubi wansa. Sai abubuwa suka shiga dawo masa ɗaya bayan ɗaya, tiren nan, da raɓar bango, da kafaɗun Dela, da idon Rhissa. Kowa ya sani ke nan, har mai gadi. Kuma babu mai laifi, don ba a tarar uba a tsakar gida ko a bakin buro a ce masa ana son ƴarsa. Wajen wansa ake zuwa, da manya, da goro. Shi ma da kansa haka aka yi masa lokacin Dela.

"Af," in ji Alhaji, "ka ce da magana ka zo."

"Babu komi, Yaya. Na zo in ga geron bana ne."

Ya koma Dakoro da goro a aljihu, ransa a rabe. Ya yi murna, ba zai ɓoye ba, don yaron ɗan halas ne, shi ya fara faɗa. Amma tun a mota wani tunani ya tsaya masa. Fushin shugaba yana wucewa, a yi haƙuri a ba da baki. Kunyar suruki kuwa ba ranar ƙarewarta. Washegari a buro ya hango Shef tafe, sai ya tsinci kansa shi ma yana raɓar ɗaya bangon, yana duban takalminsa. Suka wuce juna kowa na gaida ƙasa.

Ya aika aka kira masa Sha'ibu cikin zogala.

"Na je Kornaka," ya ce.

Karon farko murmushin Sha'ibu ya zama dariya ta gaske, har da dafa tayar shinge. Da ya natsu sai ya ce, "Wallahi, Malam Badaru, Shef ya hi ka shan wuya. Ya san ranka a ɓace shike. To ya za shi yi? Shi zamna gwiwa da gwiwa da kai cikin mota? Barci shi kwashe shi bisa kahwaɗar uban matar da za shi aura? Ko a bakin rijiya shi ɗaga murya shi ce maka ka riƙe ƙaho da kyau?"

"To haka za mu ƙare?"

"A'a, ya samo mahita. In an ɗaura aure za shi nemi a canza mishi wurin aiki. An ce akwai gurbi can wajen Diffa. In ya tahi an kawo wani shef, kujerarka ta dawo maka."

"Diffa." Badaru ya tsinki ganyen zogala ya murza. "Shi ɗai?"

"Haba, Malam. Da iyalinshi mana."

Badaru ya yar da ganyen. Yayyen Lailatu duk sun watse, wannan na Tahoua, wancan na Niamey, sai a waya ake jin muryar jikoki. Ita kaɗai ta rage mai shigowa gidan da ƙarar babur tana kiran Baba tun daga zaure. Ya so kujerar nan kamar me, amma ba da wannan ba.

"Ka ce mishi ban yarda ba. Ba inda za shi."

"To kai hwa?"

"Ga fanka," in ji Badaru, ya sunkuya ya ci gaba da cire ciyawa.

Da yamma ya zauna a tsakar gida ya kasa cin tuwo. Dela ta gama dariyarta ta watanni a fili, har da share hawaye, sannan ta ga mutumin nata da gaske yake, ta zauna kusa da shi.

"Malam, kai ma hwa ka yi. Ka manta ran da babana ya iske jakinka ɗaure bakin kasuwa, ya haye abinshi ya kama hanya? Kai ka biyo shi a ƙasa da buhu a kai har gida, ba ka iya cewa uffan ba."

"Ya zan manta? Ƙahwata ta kumbura."

"To ka gani."

"Ya hau jakin ne kawai," in ji Badaru a hankali. "Bai tambayi kowa ba."

"Wa za shi tambaya? Kai?"

Badaru ya jawo kwanon tuwon ya cinye tas, ya ce a ƙaro miya. Sannan ya tambaya ko jakarsa ta bushe.

Ranar fita, ma'aikata suka zo da safe suna hamma, suka tarar an riga su. Malam Badaru na zaune a kujerar gaba, bakin taga, jaka a kan cinya, rawani a naɗe, gwiwar hannu a waje. Soson ya karɓe shi daidai. Rhissa na goge gilashi, idonsa dai ya kusa rufewa don dariya.

Sha'ibu ya matso da murmushi, amma yau murmushin na rawa.

"Malam Badaru, ai Shef ya ce..."

"Na ji abin da ya ce. Yau ba na amsar aike. Wanda ya aiko ka shi zo da kanshi shi ce mini in sauka, wallahi sai in sauka."

Sha'ibu ya shiga ciki. Aka daina ɗaura kaya, kowa ya sami abin gyarawa kusa da motar. Can sai ga Dokta Mudassir ya fito, da hular rana a hannu, yana tafiya kamar ƙasar na da zafi. Ya zo saitin tagar ya tsaya. Ya dubi taya. Ya buɗe baki ya rufe. Badaru ma ya kafe idonsa a kan gilashi, don in ya juyo ya ga fuskar yaron tsaf zai ji tausayi ya sauka.

Shef ya rage tsawo.

"Baba... an tashi lahiya?"

"Lahiya lau, Dokta. Ina jin rana na yi."

"Haka ne, Baba."

Ya miƙe, ya zagaya bayan mota, ya taka taya ya haye, ya sami wuri tsakanin akwatunan sanyi ya zauna, ya ɗaure igiyar hularsa a haɓa. Sha'ibu ya dubi gurbin tsakiya da babu kowa, ya dubi shugabansa a baya, ya ga babu yadda za a yi mataimaki ya shige inuwa Shef na cikin rana. Shi ma ya haye yana ƙunƙuni. Badaru ya miƙe ƙafafunsa, wuri ya ishe shi har ya yi yawa.

Suna fita ƙofa mai gadi ya ɗaga hannu, Badaru ya leƙo ya ce masa ya riƙa ba zogala ruwa. Suka bar gari, suka hau hanyar yashi ta arewa. Rhissa ya saki mota yadda ya saba, ta daka tsalle a wani rami, aka ji akwatuna sun yi ƙara a baya, wani ya ce wayyo.

Badaru ya leƙa madubi. Ga yaron can ya rungume ƙarfe da hannu biyu, hula ta karkace, yana ta ƙoƙarin kada idonsu ya haɗu ko a madubin. Badaru ya kawar da ido daga madubin. Ya dafa hannun direba.

"A hankali, Rhissa," ya ce. "Mijin Lailatu ne a baya."